"Ai Ba Abin Da Ya Faru": Nasiha Ga Ɗana Da Samarin Fada

Ɗana,

Mahaifiyarka ta ba ni labarin gardamar da kuka yi a fadarku ta nan Banifandu, kan yaron da aka kama cikin dare yana ƙoƙarin karya kan babur ɗin wani a ƙofar gida. Ta ce yawancinku kun tsaya a kan za a sake shi gari na wayewa, tunda babur bai gusa daga inda yake ba, mai shi ma ya hau abinsa da safe ya tafi neman abinci. Kai ma, in ji ta, kana cikin masu wannan ra'ayi, har da rantsuwa. Na so in zo in zauna da ku, sai dai na san halin fada: tsoho na zama, hira ta mutu, kowa ya tuna an aike shi. Shi ya sa na ga gara in rubuta. Ka karanta a natse, in ka ga da amfani ka karanta wa abokanka bayan an sauke shayin farko.

Shekarun da na yi ina rubutu a gaban alƙalai kafin in ajiye aiki, ba maganar da kunnena ya sha ji daga bakin wanda ake tuhuma kamar waɗannan: "Ai ban ɗauki komai ba." "Ai bai mutu ba." "Ai ba abin da ya faru." Sukan faɗa da gaskiyarsu, suna duban alƙali da mamakin me ya sa har yanzu ba a ce su tafi gida ba. Iyayensu ma da ke zaune a baya haka suka ɗauka. Kuma ban taɓa ganin wannan magana ita kaɗai ta buɗe wa wani ƙofa ba.

Dalili yana nan a shafin farko na kundin hukunta laifuka na ƙasarmu, wanda aka kafa da doka mai lamba 61-27 ta ranar 15 ga Yuli 1961, aka kuma yi masa gyare-gyare daga baya, har da babban gyaran 2003. Tun a aya ta 2, kafin a kai ga sata ko kisa ko zamba, an riga an yanke magana a kan yunƙuri. Abin da take nufi a taƙaice shi ne, wanda ya fara aikata babban laifi, aka ga alamar farawar a zahiri, kuma abin da ya tsayar da shi ko ya sa bai dace ba wani abu ne daban da ba son ransa ba, to a idon doka daidai yake da wanda ya gama. Ba mu ne muka ƙago wannan ba. Mun gaje shi ne daga kundin Faransa na 1810, na zamanin Napoleon, kamar yawancin ƙasashen da Faransa ta mulka.

Doka ta kasa laifuka kashi uku. Akwai manya, irin su kisa da fyaɗe da fashi da makami. Yunƙurin kowanne daga cikinsu abin hukuntawa ne, ba sai an sake faɗa ba. Akwai matsakaita, waɗanda aya ta 3 ta ce ba a hukunta yunƙurinsu sai inda doka ta ambata da baki. Sannan akwai ƙanana, irin na tara, waɗanda ba ruwan kowa da yunƙurinsu. Wani mai wayo a fadarku zai ce to ai sata matsakaiciya ce. Haka ne, amma masu rubuta doka ba su manta da ita ba: yunƙurin sata da yunƙurin damfara duk an ambace su. Ƙari a kan haka, satar da aka yi da dare, ko cikin taro, ko da haura katanga, ko da makami a jiki, nauyinta hawa yake yi, har ta iya ficewa daga sahun matsakaita ta koma babba. Yaron nan na ƙofar gida da dare aka kama shi. Ka fara lissafi daga nan.

Yanzu abin da ya fi wuya, wanda lauyoyi ke kwana suna jayayya a kai: daga ina ake cewa mutum ya fara?

Doka ba ta bin abin da ke cikin zuciya. Kana iya kwana kana ƙulla yadda za ka yi da wanda ya ci maka mutunci, ba ɗan sandan da zai buga maka ƙofa. Shiri ma, a ƙa'ida, ba a kama mutum da shi a matsayin yunƙuri. Wanda ya je Katako ya sayi filaya da guntun ƙarfe bai yi laifi ba, don makanike ma abin da yake saya ke nan. Wanda ya sayi wuƙa, mahauci ma ya saya. Wanda ya bi ta wani layi sau biyu yana duban gidaje, mai neman haya ma haka yake yi. Aikin bai nuna fuskarsa ba tukuna, kuma mai shi yana da sauran dama ya sake tunani. Amma da zarar ƙarfen nan ya shiga ramin makullin babur ɗin da ba naka ba, ko ƙafarka ta hau katangar wani, ko yatsunka suka shiga aljihun fasinja a cikin faba-faba, magana ta canja. Aikin ya doshi laifin kai tsaye, ba wata fassara ta biyu da za a yi masa. Ba wanda ke zura ƙarfe a makullin babur ɗin maƙwabci da ƙarfe biyun dare don ya duba masa lafiyar inji.

Akwai wata shari'a ta Faransa da ɗaliban lauya a Jami'ar Abdu Mumuni suka san ta sarai, shari'ar Lacour. Likita ne, ya ɗauki wani mutum haya, ya ba shi kuɗi, suka yi ta haɗuwa ana tsara yadda za a kashe wani saurayi. Wanda aka ɗauka ya karɓi kuɗin, ya ƙi aikatawa, ya ma je ya sanar da saurayin. Ranar 25 ga Oktoba 1962 kotun ƙolin Faransa ta ce ba za a hukunta likitan da yunƙurin kisa ba, don duk abin da ya yi shiri ne. Ba kuma za a kama shi da taimaka wa mai laifi ba, tunda wanda aka aika bai ko fara ba. Mutum ya biya kuɗin ran wani, ya fita yana kaɗa riga. Abin ya daɗe yana damun masana, sai a 2004 Faransa ta yi doka ta musamman da ta mai da irin wannan aike laifi mai zaman kansa, mai ɗaurin shekara 10. Hukuncin kotunan Faransa ba ya ɗaure alƙalinmu, amma da yake tushen dokar ɗaya ne, da irin wannan ma'auni ake koyar da shi.

Kada wannan labari ya ruɗe ka, ka ɗauka shiri kyauta ne. Sau da yawa shirin da kansa laifi ne mai sunansa. Mutum uku su zauna su ƙulla za su tare hanya, an riga an sami haɗin bakin masu laifi ko da ba su fita ba. Yawo da makamin da aka hana laifi ne. Barazana laifi ce, kuma ku 'yan zamani kun sauƙaƙa wa masu bincike aiki: da can sai an nemo shaidun da suka ji, yanzu mutum da bakinsa yake ɗaukar murya a WhatsApp yana cewa "wallahi sai na ga bayanka", ya aika, ta zauna a wayar wancan tana jiran ranar da za a kunna ta a gaban alƙali.

Sharaɗi na gaba shi ne wanda na fi so ka riƙe, don shi kaɗai ne ke hannunka. Doka ta bar ƙofa ɗaya a buɗe ko bayan an fara: mutum ya janye da kansa. Da kansa fa. Yaro ya hau katanga, kare ya yi haushi, ya diro ya gudu. Wannan kare ne ya hana shi. Mai gadi ya haska tocila, ko ya ji tafiyar 'yan sintiri, ko makullin ya ƙi karyewa, ko mai gida ya yi tari a ɗaki. Duk waɗannan ba nasa ba ne, kuma laifinsa na nan daram. Amma yaro ya hau katangar nan, ba wanda ya gan shi, ba abin da ya motsa, sai zuciyarsa ta ce masa "kai, me nake yi haka", ya sauko ya koma gida, to doka ba ta kama shi da yunƙurin sata. Ba ta ma tambayar ko tsoron Allah ne ya sauko da shi, ko tuna fuskar uwarsa, ko kuwa tsoron gidan kaso ne kawai ya zo masa daga cikin ransa. A 1974 kotun ƙolin Faransa ta duba batun wani da ke shirin fasa shagon sayar da taba, sai wani abokinsa ya ci karo da shi, ya yi masa magana, ya fasa. Kotu ta karɓa cewa janyewa ce ta son rai, don abokin bai tilasta masa ba, shawara kawai ya ba shi. Ka lura da wannan, kai da kake da abokai da yawa. Kalmarka ɗaya a bakin layi tana iya raba wani da shekaru a kaso.

Mu Musulmi wannan bai kamata ya zame mana baƙon abu ba. Ka karanta Arba'una a makarantar dare. Hadisi na 37 yana koyar da cewa wanda ya yi niyyar mummunan aiki sannan ya bari, ana rubuta masa lada cikakkiya, kuma malamai sun bayyana cewa wannan ga wanda ya bari don Allah ne. Wanda kuwa ya yi iyakar ƙoƙarinsa aka fi ƙarfinsa, hukuncinsa daban. Shi ya sa a wani hadisin, na Musulmi biyu da suka fuskanci juna da takubba, aka haɗa wanda ya kashe da wanda aka kashe a cikin narko, saboda shi ma mamacin ya yi kwaɗayin kashe ɗan'uwansa, sa'a ce kawai bai samu ba. Ka ga tun kafin a haifi Napoleon da ƙarnuka, an riga an bambance mana wanda ya fasa da wanda aka hana.

Sai dai janyewar tana da lokacinta. Bayan aiki ya kammala, nadama ba ta goge shi. Ka fizge wayar mace a bakin Wadata, ka kwana ba barci, da safe ka mayar mata. Ka kyauta, alƙali zai iya dubawa ya sassauta, wataƙila ma ita ta ce ta yafe. Amma sata ta riga ta auku tun jiya, kuma yafewarta ba ta tilasta wa mai gabatar da ƙara na gwamnati ya rufe takarda, domin ƙarar laifi ta al'umma ce, ba ta wanda aka cuta kaɗai ba. Iyaye da yawa kan sha mamaki a nan: an je an ba da haƙuri, an biya, an sha hannu a gaban mai unguwa, sai kuma ga sammaci.

Akwai kuma wanda ya yi duk abin da zai yi, bai rage komai ba, abin ne kawai bai faɗa inda ya nufa ba. Mu da muka manyanta a Yamai muna da misalin da ba ma mantawa. Ranar 13 ga Afrilu 1965, ana sallar Layya, wani ɗan jam'iyyar Sawaba mai suna Amadu Diop ya jefa gurneti wajen da shugaba Diori Hamani yake cikin masallata. Diori ko ƙwarzane bai yi ba. Wani ƙaramin yaro ne ya mutu, wasu suka ji rauni. Ban kawo wannan don in tayar da tsohuwar gabar Sawaba da RDA ta Diori ba, wadda ta raba gidaje da yawa a ƙasar nan, kowane ɓangare kuma yana da matattunsa. Na kawo shi ne don ka ga yadda "ai bai mutu ba" take zama maganar banza. Wanda aka nufa ya tsira, amma hannun da ya jefa ya gama nasa aikin tun gurnetin na sama. Kuma kuskuren saiti ba ya wanke mutum daga jinin wanda abin ya faɗa wa. Wanda ya nufi Audu ya sami Tanko, doka tana ɗaukarsa mai kisa da gangan.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: rabon da a zartar da hukuncin kisa a Nijar tun 1976, kuma waɗanda aka harbe a lokacin, a kan abin da bai yi nasara ba ne. Su ne waɗanda aka kama da yunƙurin kifar da shugaba Seyni Kunce a ranar 15 ga Maris na shekarar, cikinsu har da Kwamanda Bayere Musa da Kaftin Sidi Mohamed. Laifukan da suka shafi tsaron ƙasa suna da nasu ayoyin daban, kuma wannan fage ne da tsoho mai son ya ci tuwonsa lafiya ba ya daɗewa a ciki. Na wuce.

To, in abin ma ba mai yiwuwa ba ne tun farko fa? Ɗan sane ya zura hannu a aljihu, ya tarar ba ko dala. Ɓarawo ya fasa shago, ya iske an kwashe kaya tun jiya. Mutum ya ɗana bindiga ya ja kunama, ashe an cire harsashi bai sani ba. Dokarmu ta rufe wannan ƙofar ita ma: ana hukunta yunƙuri ko da abin da aka nufa ba zai samu ba saboda wani dalili da mai yin bai san da shi ba. Faransawa sun kai wannan magana har ƙarshenta a shari'ar Perdereau, ranar 16 ga Janairu 1986. An yi faɗa, wani ya kashe wani. Washegari Perdereau, da zaton mutumin yana da sauran numfashi, ya rotsa masa kwalba a ka, ya shaƙe shi. Likitoci suka tabbatar gawa ya daka. Kotu ta ce duk da haka ana iya tuhumarsa da yunƙurin kisa, don shi a ransa mai rai yake kashewa.

Guba kuwa tata ta fi tsanani, kuma ina so ka faɗa wa ƙannenka mata wannan, tunda rikicin kishi ba ya ƙarewa a gidajenmu. Na taɓa ganin wata yarinya, ba ta fi shekarun ƙanwarka ba, tsaye gaban alƙali da goyo a bayanta. Maganin ɓera ta barbaɗa a kunun abokiyar zamanta. Waccan ta kurɓa, ta ji ɗanɗanon bai yi mata ba, aka garzaya da ita likita, ta tashi. Yarinyar tana ta maimaita cewa ga ta nan ai da ranta, har ta fi ta ƙiba. Ba ta san cewa a doka laifin sa guba yana cika ne da zarar an ba mutum ya sha, ko ya mutu ko ya rayu. Ba a ma kiransa yunƙuri. Cikakken laifi ne, kuma yana sahun waɗanda kundin ya tanadar wa hukunci mafi tsanani, tare da kisan da aka ƙulla tun da wuri. Abin da na fi tunawa shi ne yadda jaririn ke wasa da bakin mayafinta duk tsawon zaman.

Za ka iya tambayata, Kawu, wannan adalci ne kuwa? A ce wanda bai kashe ba a auna shi da mudun wanda ya kashe? Tambaya ce mai kyau, kuma ƙasashe ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Ka tsallaka Maraɗi ka shiga Katsina, lissafin ya canja. Dokar Final Kod ta Arewacin Najeriya, wadda ta fara aiki a 1960, ta samo asali ne daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya, kuma sashe na 95 ya ce in ba a yi wani tanadi na musamman ba, mai yunƙuri ba ya wuce rabin ɗaurin da aka yanka wa laifin. Yunƙurin kisa ne suka ware masa sashensa, mai tsanani. A fiƙihunmu na Malikiyya ma, in ka koma Risala, ba a yanke hannun ɓarawo sai ya fitar da kayan daga ma'ajiyarsu. Wanda aka kama a cikin ɗaki ya tara kaya bai fito da su ba, haddi ya faɗi, sai dai alƙali ya yi masa horo gwargwadon abin da ya gani.

Ni dai ga inda na tsaya. Ta fuskar mugunta, ban ga bambanci tsakanin wanda ya soka aka mutu da wanda ya soka likita ya ceto ba. Ƙwarewar likita ba kirkin mai wuƙa ba ce. Amma kuma gidan da aka yi makoki da gidan da aka yi barka ba ɗaya ba ne, kuma dokar da ta rufe ido ga wannan ta yi nisa da yadda mutane ke ji. Abin da na gani a aikace shi ne alƙalanmu sukan bi tsakiya: doka ta ba su izinin kai hukuncin yunƙuri har inda na cikakken laifi ya kai, su kuma sukan duba sassauci, su dubi ƙuruciya, da ko karon farko ne, da girman ɓarnar da ta auku. Sai dai sassauci alfarma ce, ba haƙƙi ba. Kada wani ya gina rayuwarsa a kan alƙali zai tashi da farin rai ranar.

Bari in zo kan abin da ya fi kusa da ku, wato wuƙa. Na san wasu samari ba sa fita sai da ita a ƙugu, wai don tsaro. Ranar da aka yi cacar baki a kan budurwa ko kuɗin ƙwallo, ita ce ke fitowa kafin tunani. In aka yi rauni ba a mutu ba, tambayar da ke gaban alƙali ita ce: duka da rauni ne, ko yunƙurin kisa? Tazarar da ke tsakaninsu ta shekaru ce masu yawa, domin kisan kai da gangan ɗaurin rai da rai ne a kundin. Kai za ka ce ba ka yi niyyar kisa ba, tsorata shi kawai ka so yi. Alƙali ba ya ganin zuciya, don haka sai ya tambayi wuƙar. Wane irin makami ne? A ina aka soka, a cinya ko a wuya, a hannu ko a ƙirji? Sau nawa? Me aka ji kana faɗa kafin nan? Ka je gida ka ɗauko ta ne, ko a wurin ka tsince ta? In ka je gida ka ɗauko, an shiga batun ƙulla niyya tun da wuri, wanda ya fi nauyi. Takardar likita da bakin shaidu su ne za su faɗi niyyarka, kai kana tsaye ana fassara maka.

Kai kuma da kake kabu-kabu, ga taka. Wani ya ce ka kai shi wata unguwa da dare, ka tsaya a kan kwana, kada ka kashe inji, yana zuwa yanzu, zai ba ka jika biyar a tafiyar da ba ta kai jika ɗaya ba. In ka san abin da ya je yi, ko an faɗa maka a fakaice ka gane, to kai abokin laifi ne, kuma hukuncin mai taimako daidai yake da na mai aikatawa. Ko an kama shi kafin ya ɗauki komai, kai ma ka shiga cikin yunƙurin, kai da ko sauka daga babur ba ka yi ba. Haka mai tsayawa a bakin layi yana duba hanya, haka wanda ya ba da aron ƙarfen, haka wanda ya nuna gidan ya ce mai shi ya yi tafiya. Kuɗin da ya wuce ƙima a tafiyar dare, ka tambayi dalilinsa tun kafin ka tayar da inji.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda na tabbata ba ku taɓo shi a gardamarku ba. An ce da aka kama yaron nan, kafin 'yan sanda su iso, an taru a kansa. Ban tambaya ko da kai a ciki ba, ba na kuma so in sani. Amma ka san cewa ihun "ɓarawo" ba ya ba kowa izinin kisa. Doka ta yarda ka kama wanda ka tarar yana cikin laifi ka miƙa shi ga hukuma. Ta yarda ka kare kanka daidai da harin da aka kawo maka. Wanda aka riga aka ɗaure, yana ƙasa, ba ya kawo wa kowa hari. Wanda ya ɗauki bulo ya nufi kansa, ko ya ce a kawo fetur, sai jama'a suka riƙe shi, ka auna shi da ma'aunin da na gaya maka a sama: ya fara, kuma ba shi ya tsayar da kansa ba. Yana iya wayar gari da tuhumar da ta fi ta ɓarawon nauyi, a kan babur ɗin da ba nasa ba ma.

In kuma ƙaddara ta sa wata rana aka tafi da ɗayanku komisariya, Allah Ya kiyaye, ga abin da za ku riƙe. Tsarewar farko a hannun 'yan sanda awa 48 ce a laifukan yau da kullum, ana iya ƙara ta da izinin mai gabatar da ƙara. Mutum yana da haƙƙin lauya, kuma wanda ba shi da hali, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a gaban shari'a. Iyaye su nemi ofishinta a kotu, kada su tsaya bin 'yan kan-ta-waye da ke cewa sun san wani. Takardar bayani da Faransanci ake rubuta ta. Kada a sa hannu sai an karanta, ko an fassara wa mutum ya ji. A batun yunƙuri, jimla ɗaya tana iya juya shari'a: "na ji motsi na gudu" daban, "na fasa na sauko" daban. A faɗi gaskiyar yadda abin ya faru, a kuma tabbatar ita aka rubuta.

Ko an yi sa'a an sami ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, ko 'yan watanni aka yi a gidan kason Yamai ba a kai mutum na Kollo ko na Kutukale ba, hukuncin yana shiga rajistar kotu. Ranar da aka buɗe gasar ɗaukar soja, ko jandarma, ko 'yan sanda, ko aikin gwamnati, cikin takardun da ake nema har da takardar kotu mai nuna ko an taɓa ɗaure mutum, wadda ba ta wuce wata uku da fitarwa ba. Na ji kana shirin ajiye takardunka a gasa mai zuwa. Ka je ka nemi taka tun yanzu, don layin kan yi tsawo in lokaci ya matso.

Wassalam,
Kawunka.